TSARON MAKULLI DAGA NESA: KIYAYE IMEL DA HANYOYIN SADARWA TSAKANIN BIRNI DA GIDA

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban taro. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin wannan ƙungiya mai albarka. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata. Manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai waɗanda suka baro Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal domin halartar wannan taro, ina yi muku barka da zuwa, tare da fatan kowa ya baro iyalinsa lafiya. Ina kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mini nauyin yin bayani a kan wannan batu, wanda a ganina ya shafi aljihun kowannenmu da mutuncinsa.

GABATARWA

Sanin kowa ne cewa tun daga lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, a zamanin mulkin marigayi Audu Bako, aka kuma jawo ruwanta ta babban kanal zuwa filayen Bunkure da Kura da Kadawa da Garun Malam, rayuwar mutanen wannan yanki ta ɗauki sabon salo. An tsara kashin farko na wannan shiri a kan kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke kula da shi. Albarkar wannan ruwa ce ta sa ɗan yankinmu, ko da ya shekara talatin a birni, da wuya ka same shi bai bar ƙafa ɗaya a gida ba. Wani yana da gonar shinkafa da ƙanensa ke kula masa da ita, wani yana da hannun jari a injin gyaran shinkafa a Kura, wani kuwa duk rani sai ya zuba kuɗi a noman tumatir yana sauraron farashin kwando daga Kwanar Gafan.

A da, mai irin wannan hulɗa sai ya jira direban motar garinsu ya ba shi saƙo, ko ya rubuta wasiƙa ta yi kwanaki a hanya. Daga watan Agustan 2001, lokacin da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, sai al'amura suka fara sauyawa, har ta kai yau mutum yana zaune a Abuja zai aika kuɗin taki, ya ga hoton yabanya, ya duba lissafin injinsa, ya kuma leƙa cikin sitonsa ta kamara, duk bai motsa daga kan kujerarsa ba.

Wannan ci gaba ne babba. Sai dai abin da nake son mu tafi da shi daga wannan zaure guda ɗaya ne: duk ƙofar da ka buɗe domin ka riƙa shiga daga nesa, ta buɗu ke nan ga duk wanda makullinta ya faɗa hannunsa, kuma na'ura ba ta gane fuska. Manomin rani ya san cewa wanda ke riƙe da ƙofar ruwa shi ke da iko da gonar da ke ƙasa da ita. To haka abin yake a intanet. Saboda haka bayanina zai tsaya ne a kan makullan nan: ina suke, yaya ake sace su, yaya kuma za mu tsare su.

IMEL, UWAR MAKULLAI

Da yawa daga cikinmu mun ɗauki imel a matsayin akwatin wasiƙa kawai, wasu ma ba su buɗe shi sai ranar neman aiki ko cike fom. Amma mu tambayi kanmu: idan mutum ya manta kalmar sirrinsa ta Facebook, ko ta shafin makarantar 'ya'yansa, ko ta wurin da ya ajiye hotuna da takardu, ina ake aiko masa da hanyar sabunta ta? Amsa ita ce, cikin imel ɗinsa. Haka kuma duk mai wayar Android, lambobin mutanensa da hotunansa da ajiyar hirarsa ta WhatsApp galibi suna rataye ne da adireshinsa na Gmail. Ke nan wanda ya shiga imel ɗinka kamar wanda ya sami damin makullan gidanka ne gaba ɗaya, daga na zaure har na turaka.

Kada kuma wani ya ce ai kamfanonin nan manya ne, ba abin da zai same su. A shekarar 2013 an kutsa cikin rumbun bayanan kamfanin Yahoo, kuma sai a 2017 kamfanin ya tabbatar cewa abin ya shafi dukkan asusunsa, kimanin biliyan 3. Mafi yawanmu da muka buɗe imel na farko a shagunan intanet na Kano da Zariya, a Yahoo muka buɗe shi. Wanda har yau yake amfani da kalmar sirrin wancan zamani, ko ya kwafe ta ya sa a wasu wurare, ya sani makullinsa ya daɗe a hannun da bai sani ba.

YADDA AKE SACE MAKULLIN

Ɓarawon intanet bai cika fasa ƙofa ba. Mafi yawan lokaci roƙon makulli yake yi cikin dabara, mai gida kuma ya miƙa masa da hannunsa. Bari in kawo misali wanda ke rubuce a kundin kotu. A watan Afrilun 2018, babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, mai dillancin manyan injinan Caterpillar, wanda ofishinsa ke Ingila, ya sami wani imel ɗauke da mahaɗi, wato rubutun nan da ake latsawa ya kai mutum wani shafi. Da ya latsa sai ya ga shafi mai kama da wanda ya saba shiga, ya rubuta kalmar sirrinsa. Ashe shafin na jabu ne. Daga nan 'yan damfara suka shiga akwatinsa, suka riƙa aika wa ma'aikatan kuɗi umarnin biya da sunansa, suka kuma shirya akwatin ta yadda amsoshin ba za su riƙa zuwa idonsa ba. Kafin a farga kusan dala miliyan 11 ta salwanta. A watan Fabrairun 2021 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani ɗan kasuwa ɗan Nijeriya, Obinwanne Okeke, shekara 10 a kan wannan damfara.

Idan haka ta faru da kamfani mai ƙwararrun ma'aikata, ina ga ƙungiya irin tamu? Irin wannan dabara ce ake yi mana, sai dai an ɗinka ta daidai wuyanmu. A ce ana cikin shirin dashen shinkafa, sai saƙo ya shigo da sunan ƙanenka mai kula da gona, yana cewa dillalin taki ya canza asusun banki, ga sabuwar lamba, a hanzarta domin kaya na ƙarewa. Ko kuma a kira ka a ce daga ƙungiya ne, za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida, karanto ta a sa ka a ciki. Wannan lamba shida kuwa ita ce makullin WhatsApp ɗinka, kana faɗar ta ka fita, shi ya shiga, ya fara roƙon kuɗi da sunanka a wajen duk wanda ke ganin girmanka. Ko kuma a turo sanarwar wai ana rabon tallafin noma, a cike fom da lambar BVN da lambar katin banki. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Alamomin ba su wuce uku ba: gaggawa, da neman a ɓoye maganar, da neman wata lamba ko canjin asusu. Duk saƙon da ya haɗa biyu daga cikinsu, a dakata. A kira mai sunan ta lambar da aka daɗe da sani, a ji muryarsa, a kuma tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa, domin a yanzu har murya ana iya kwaikwaya da na'ura.

MATAKAN KULLE IMEL

Mataki na farko shi ne kalmar sirri. Sunan ɗa, ko shekarar haihuwa, ko lambar mota, ko sunan gari da aka liƙa wa 1234, duk waɗannan su ne abin da ɓarawo ke fara gwadawa. Abin da ke ba kalmar sirri ƙarfi shi ne tsawonta. A haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa waɗanda ba su da dangantaka da juna, a sa lamba a tsakani. Wannan ya fi sauƙin tunawa, ya kuma fi wuyar cinka. Sannan kalmar sirrin imel ta zama tata ce ita kaɗai, kada a maimaita ta a ko'ina, domin idan aka sace ta a wani ƙaramin shafi, imel za a fara zuwa a gwada. Wanda yake tsoron mantuwa ya rubuta a littafi ya kulle a inda yake ajiye takardun gida. Littafin da ke cikin akwati ya fi takardar da aka manna a jikin kwamfuta aminci nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu shi ne kulle mai hawa biyu. Ma'anarsa ita ce, ko da mutum ya san kalmar sirrinka, ba zai shiga ba sai ya kawo shaida ta biyu wadda ke hannunka. Gmail da Yahoo da Outlook da Facebook da WhatsApp duk suna da wannan tsari a sashensu na tsaro, kuma kyauta ne. Ana iya karɓar shaidar ta saƙon tes, amma abin da ya fi shi ne manhajar da ke fitar da lamba a cikin wayar, irin su Google Authenticator, wadda lambarta ke canzawa duk bayan daƙiƙa 30. Wani amfaninta gare mu shi ne tana aiki ko babu sabis, saboda haka ko mutum yana tsakiyar gona inda layi ke yankewa, lambarsa na nan. Bugu da ƙari, Google na bayar da lambobin ko-ta-kwana guda 10, waɗanda ake bugawa a takarda a adana saboda ranar da waya ta ɓata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku shi ne bincike lokaci-lokaci. Aƙalla sau biyu a shekara, misali farkon damina da farkon rani, mutum ya shiga sashen tsaro ya duba abu uku: waɗanne na'urori ne ke cikin akwatinsa, wace lamba da wane adireshi ne aka sa na farfaɗo da asusu, sannan ko akwai wani umarni na tura wasiƙunsa zuwa wani adireshi da bai sani ba. Wannan na ƙarshe shi ne maɓoyar ɓarawo mai wayo, domin ko an canza kalmar sirri, kwafin wasiƙu zai ci gaba da kwarara zuwa gare shi, kamar ɓarakar da aka yi a gindin kunya.

Mataki na huɗu ya shafi na'urar aro. Wanda ya shiga imel ɗinsa a shagon intanet, ko a wajen masu buga takardu, ko a wayar wani, ya tabbata ya fita da kansa kafin ya tashi, kuma kada ya yarda idan kwamfutar ta nemi adana masa kalmar sirri. Haka nan wanda yaro ya buɗe masa imel a shago, ya nemi wani amintacce ya taya shi canza kalmar sirrin da lambar farfaɗowa, don kada ya zama mai gida wanda makullinsa ke aljihun magini.

LAYIN WAYA MA MAKULLI NE

Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, aka kuma wajabta haɗa layin waya da lambar NIN daga watan Disambar 2020, layin waya ya tashi daga abin kira ya zama shaidar mutum. Da shi ake tura kuɗi ta gajerun lambobin banki, ta kansa kuma lambobin tabbatarwa ke zuwa. Shi ya sa mai ƙwacen waya sau da yawa ɗan ƙaramin katin da ke ciki ya fi damunsa fiye da wayar kanta. Maganin wannan mai sauƙi ne: a sa wa katin sim lambar sirri tasa ta daban, ta yadda ko an cire shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba. A kula, idan aka yi kuskure sau uku katin zai kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki, saboda haka a adana shi.

Akwai kuma wata matsala da ta fi shafar masu layuka da yawa. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani. Idan wannan layi ne ke rataye da imel ɗinka ko asusun bankinka, to baƙo ya gaji makullinka. Duk wanda zai jingine layi, ya fara zuwa banki ya canza lamba, ya kuma cire shi daga imel da WhatsApp. Shi ma imel ɗin yana mutuwa idan aka yi watsi da shi, domin daga watan Disambar 2023 kamfanin Google ya ba kansa damar goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

SIRRI A CIKIN WASIƘA

'Yan'uwa ma'aikata, ina roƙon ku saurari wannan da kyau. Adireshin imel na ofis mallakar ofis ne. Masu kula da kwamfutocin ma'aikata suna da ikon duba abin da ke ciki, kuma ranar da mutum ya yi ritaya ko ya canza aiki ana iya rufe shi. Bai dace takardun gona, ko maganar gado, ko lissafin ƙungiya, ko sakamakon asibiti su bi ta wannan hanya ba. Ya kamata mutum ya raba ƙafa: adireshi ɗaya na banki da muhimman takardu wanda ba kowa ya san shi ba, ɗaya kuma na yau da kullum wanda ake bayarwa a fom da shafuka.

Haka kuma mu sani cewa imel na yau da kullum bai kai wasiƙar da aka liƙe da danƙo sirri ba, domin kwafinsa na zaune a rumbun kamfani da kuma akwatin wanda aka aika wa, kuma latsawa ɗaya ta isa a tura shi ga mutum ɗari. WhatsApp ya kammala tsarin rufe saƙonni daga mai aikawa zuwa mai karɓa a 2016, akwai kuma kamfanoni irin su Proton na ƙasar Suwizalan da ke yin irin haka ga imel. Duk da haka, babu fasahar da za ta hana wanda ka aika wa ya nuna wa wani. Maganar da ba ka son a karanta a bainar jama'a, ta fi kyau a baki.

Ga magatakardan ƙungiya kuwa, idan za a aika sanarwa ga mambobi da yawa, a zuba adiresoshinsu a layin da aka rubuta Bcc, domin kada kowa ya ga na kowa. Sannan a daina zuba hotunan katin shaida da lambobin NIN da lambobin asusun mambobi a zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane. Wannan ma ya wuce maganar ladabi, domin a watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane alhakin kiyaye su. Rajistar mambobi amana ce.

SHIGA DAGA NESA

Yanzu sai mu juya ga masu leƙa gida ta na'ura. Wasunmu sun sa kamara a injin shinkafa ko sito, wasu suna da kwamfutar lissafi a shago wadda suke son dubawa daga birni, akwai ma na'urorin da ke kunna injin ban ruwa da saƙon waya. Duk waɗannan ƙofofi ne, kuma ga ƙa'idojinsu.

Ta farko, kamarori da na'urorin rarraba intanet da yawa suna zuwa ne da kalmar sirri ta masana'anta, wadda iri ɗaya ce a dubban na'urori, kuma tana rubuce a intanet. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kamarori da makamantansu a faɗin duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi kawai. Saboda haka ranar da mai gyara ya gama haɗa na'ura, mai ita ya canza kalmar da hannunsa bayan an sallami mai gyaran. Ba zargi ba ne, tsari ne.

Ta biyu, kada a bar kwamfutar shago ko ta ofishin ƙungiya a buɗe kai tsaye ga intanet. Hanyar da ta dace ita ce abin da ake kira VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya rufaffiya tsakanin na'urarka da ta gida, kamar bututun da aka binne maimakon buɗaɗɗen lambatu da kowa ke iya tsoma hannu. Yawancin 'yan Nijeriya sun san wannan suna ne lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, amma ya kamata a bambance iri biyu. Akwai wanda ƙwararre zai haɗa maka tsakanin na'urorinka, da manhaja irin su WireGuard, wanda makullinsa ke hannunka. Akwai kuma na kyauta da ake saukewa barkatai, wanda duk zirga-zirgarka ke bi ta hannun wani kamfani da ba ka san ko su wane ne ba. Kada a shiga banki ko imel ta irin wannan na biyun.

Ta uku, ƙofar da aka daina amfani da ita a toshe ta. A watan Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai babban bututun mai a gabashin Amurka, ya tsayar da aiki na kwanaki, gidajen mai suka ƙafe, har ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Da aka bincika sai aka gano masu kutsen sun shiga ne ta wani tsohon asusun VPN da ba a amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma ba shi da kulle mai hawa biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Darasinmu a nan shi ne, duk yaron shago ko akawun da ya bar aiki, a cire sunansa daga kamara da kwamfuta a ranar, ko da an rabu lafiya.

Ta huɗu, akwai manhajoji irin su AnyDesk da TeamViewer waɗanda ke ba wani damar sarrafa wayarka ko kwamfutarka daga nesa. Kayan aiki ne na halal a hannun mai gyaran da ka sani, amma 'yan damfara na amfani da su ƙwarai. Duk wanda ya kira ka da sunan banki ko kamfanin waya ya ce ka sauke irin wannan manhaja domin ya gyara maka matsala, kashe wayar. Banki ba ya neman haka, ba ya kuma neman lambar sirrin katinka.

Ta biyar, kada a dogara da intanet ɗari bisa ɗari. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin banki da sadarwa suka tabarbare a Nijeriya da maƙwabtanta. Shinkafa kuwa ba ta san da wannan uzuri ba, ranar ruwanta ranar ruwanta ce. Dole a sami mutum a gida mai ikon yanke shawara, da littafin lissafi na takarda, da ɗan abin kashewa a hannu.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Mai girma shugaban taro, ina neman izini in gabatar da shawarwari biyar domin majalisar zartarwa ta duba.

1. Ƙungiya ta mallaki adireshin imel nata na kanta, da layin waya nata, kada harkokinta su rataya a kan adireshin mutum ɗaya, komai amanarsa. Gmail yana da tsarin wakilci, wanda ke ba mutum izinin karantawa da amsa wasiƙa ba tare da an ba shi kalmar sirri ba.

2. A rubuta kalmar sirri da lambobin ko-ta-kwana, a liƙe a ambulan, a ajiye a hannun amintattun ƙungiya. Duk lokacin da aka yi zaɓe, canza makullai ya shiga cikin takardar miƙa mulki kamar yadda ake miƙa hatimi da littafin banki.

3. Kada a fitar da kuɗi bisa saƙon rubutu kaɗai. Kowane biya ya sami amincewar mutum biyu, kowane canjin lambar asusu kuma a tabbatar da shi baki da baki.

4. A adana kwafin rajista da rahoton kuɗi da takardun filaye a wuri biyu, ɗaya a intanet, ɗaya a ma'adanar da ba ta haɗe da intanet.

5. A duk hutun ƙarshen shekara, matasanmu da suka karanci kwamfuta su ware rana guda su zauna da iyaye da manoma da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su taya su kulle wayoyinsu, da sharaɗin mai waya shi zai rubuta kalmar sirrinsa da kansa.

Akwai kuma wata magana mai nauyi da ta shafi kowane magidanci. Rai na hannun Allah. A yau bashin da mutum ke bi, da wanda ake bin sa, da shaidar jinginar gona, sau da yawa suna cikin waya ne a kulle. Idan ta Allah ta kasance, magada sai su rasa ta inda za su fara, haƙƙin marayu ya salwanta. Ya kamata kowa ya bar bayani a rubuce a hannun amintacce. Google ma yana da tsarin da mutum zai ambaci wanda za a ba damar karɓar bayanansa idan asusunsa ya daɗe shiru.

IDAN ƁARNA TA AUKU

Wanda aka ƙwace wa waya ko aka shiga asusunsa, kada kunya ta sa ya yi shiru, domin shirun nan shi ne jarin ɓarawo. Ya fara da banki a rufe asusu da kati. Kowane banki na da gajeriyar lambar rufewa da ake iya bugawa daga wayar wani, ya kamata kowa ya nemi ta bankinsa ya rubuta tun yau. Daga nan sai kamfanin waya a toshe layi a sabunta shi, sai a canza kalmar sirrin imel a kori duk na'urorin da ke ciki, sannan a sanar da dangi da ƙungiya kada kowa ya tura kuɗi. A adana saƙonni da shaidar biya, a kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, domin dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan. Wanda kuma kamfanin waya bai saurari kokensa ba, yana iya kiran hukumar NCC a lamba 622.

KAMMALAWA

A taƙaice, jama'a, babu abin da na lissafa a nan wanda ke buƙatar digiri ko kuɗi mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne awa ɗaya ta natsuwa, da ɗabi'ar tambaya kafin a latsa ko a tura. Iyayenmu da suka karɓi noman rani a farkonsa sai da suka koyi yadda ake buɗe ruwa da yadda ake datse shi, domin sun ga cewa ruwan da ke raya shuka shi ne ke kwashe ta idan aka bar shi ba mai tsaro. Namu rabon koyon ke nan a wannan zamani. Ina roƙon kowa, kafin ya kama hanyar komawa birni, ya yi abu uku: ya canza kalmar sirrin imel ɗinsa, ya kunna kulle mai hawa biyu, ya sa wa layinsa lambar sirri. Sannan ya taya mutum ɗaya a gidansu yin haka. Rigakafi ya fi magani, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya albarkaci nomanmu da kasuwancinmu, ya tsare mana dukiya da mutunci, ya ƙara haɗa kanmu, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.